Zuwa ga Ummi a Banaras, ƙasar Indiya

Ummi, ya karatu ya zafin can. Saƙonnin da kika turo duk na saurara, har da na matan ƙauyen nan na wajen Mirzafur da suke waƙa a bakin dutsen niƙa, jatsar ko me kika ce, wallahi ko kalma ɗaya ban ji ba amma muryar tsohuwar nan sai da ta sa ni ƙwalla. Kin ce kuka take da uwar miji da nisan gidan ubanta, an kai ta aure wani gari inda ba ta da kowa. Wai kuma waƙar haihuwa da suke kira sohar yawanci ɗa namiji ake yi wa, in mace ce sai gida ya yi tsit don uban ya fara lissafin dukiyar da zai ba dangin ango, abin da gwamnatinsu ta hana tun 1961. Gadon gidan uba ma sai 2005 doka ta daidaita mace da namiji, kuma da yawa yafe wa 'yan'uwansu maza suke yi don kar a rufe musu ƙofa.

To amma ba wannan ya zaunar da ni rubutu ba. Goggo Hajara ta ce kin ce a dakatar da maganar Sadik, wai aure kurkuku ne. Ummi mu za ki kunyata? An kawo kuɗin gaisuwa Babanki ya karɓa, ni ko barci ba na iyawa. Waƙar mutane aka tura ki ɗauka don digiri, ba a ce ki kwaso ciwonsu ki kawo mana gida ba. A nan wane uba ne ke biyan ango? Sadaki naki ne, gadonki Allah ya yanka miki. Ni ma na yi waƙar niƙa, na yi habaici son raina a shekarun da kika sani, kuma don ku na zauna, kar ki kuskura ki ce min wauta ce. Su matan da kike yabo masu zagin dangin ango da waƙa ranar biki, ai suna zagin ana auren.

In wani abu kika gani a wurin Sadik ni za ki faɗa wa ba Goggo ba, ba mai yi miki dole ina raye. Ki kira ni Juma'a bayan la'asar, lokacin Babanki ba ya gida. Allah ya yi miki albarka.

Mamanki