Roƙon Tallafi: Ku Taimaka Mu Buɗe Wa 'Ya'yanmu Mata Ɗakin Gwajin Kimiyya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu malamai da masu unguwanni, alhazai da hajiyoyi, 'yan kasuwa da ma'aikata, da tsofaffin ɗalibanmu a duk inda aure ko aiki ya kai ku, muna gaishe ku, da fatan kuna lafiya da iyali. Wannan takarda daga kwamitin iyaye da malamai take, na makarantar sakandaren 'yan mata ta al'ummar unguwarmu a nan cikin birnin Kano, makarantar da ku da kanku kuka ɗaga da bulo ɗaiɗai da buhun siminti. Mun sake dawowa ƙofarku, kuma a wannan karon maganar ɗakin gwajin kimiyya ce.

Bara, saura kwana uku a yi firaktikal ɗin kemistiri na WAEC, ni, sakataren kwamiti, na je wata makaranta maƙwabciyarmu na aro kayan gwaji. Na naɗe su da tsofaffin jaridu, na rungume kwalin a cikin adaidaita sahu, duk ramin da muka faɗa sai gabana ya faɗi. Da muka isa, malamar kemistiri ta jera su a kan teburan karatu, ta ce 'yan aji shida su gwada sau ɗaya kafin ranar ta zo. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallo.

Aikin shi ne wanda suke kira taitireshan. Ana cika wani dogon bututun gilashi mai ɗan famfo a ƙasa, buret, da ruwan asid. A auni ruwan alkali daidai santimita kubik 25 a zuba a kwalba mai faɗin gindi, a ɗiga masa ɗigo biyu ko uku na sinadarin da ke nuna launi, sai ya zama rawaya. Daga nan a dinga sakin asid a hankali ana kaɗa kwalbar, har ɗigo guda ya mayar da shi ruwan lemo. A nan ake tsayawa, a durƙusa ido ya yi daidai da bakin ruwan, a karanta, a sake sau biyu ko uku har lambobin su zo kusa da juna. Wata yarinya, wadda tun aji huɗu babu mai shan gabanta a lissafin kemistiri, ta kama famfon hannunta na rawa. Ta murɗa, asid ya kwarara, ruwan ya tsallake daga rawaya ya yi jawur. Ta sake, haka. Ta ɗago ido cike da ƙwalla ta ce, "Malama, wallahi na san lissafin, hannuna ne bai sani ba."

Malamar ta ce mata, "Ba laifinki ba ne, 'yata." Gaskiya ta faɗa. Shekara uku yarinyar nan tana zana buret a littafi da fensir da rula, ranar ce ta fara taɓa shi.

Tun daga ranar kwamiti ya ɗaura aniyar cewa, in Allah ya yarda, ba za mu sake tura yaranmu ɗakin jarrabawa da kayan aro na kwana uku ba. WAEC da NECO duka suna da takardar firaktikal a kemistiri da fiziks da bayoloji, kuma makinta yana shiga sakamakon darasin. A fiziks za a ba yarinya zare da ɗan ƙarfe mai nauyi da agogo ta ƙirga lilo, ko batir da waya da mita ta haɗa da kanta, ta zana jadawali daga abin da ta auna. A bayoloji a ajiye mata ganye ko ƙwaro ko ƙashi, ta duba, ta zana, ta faɗi aikin kowane sashe. Ba a haddace irin wannan. Wadda kuma take son karatun likita ko jinya a jami'a sai ta sami kiredit a waɗannan darussa uku tare da Turanci da lissafi, sannan ta fuskanci JAMB. Darasi ɗaya ya zame, shekara ta tafi, kuma mun san halin da ake ciki: yarinya in ta zauna a gida shekara guda, ba kowace ce ke komawa ba.

Kada wani ya ɗauka malamanmu sun naɗe hannu suna jira. Malamar kimiyya ta ƙananan azuzuwa da kuɗin aljihunta take sayen zoɓo, ta jiƙa, ta raba a kofunan roba guda uku. Ta matsa lemon tsami a ɗaya, sai ja ya ƙara haske. Ta jefa kanwa a na biyu, sai ya turu ya yi duhu, ya karkata zuwa kore. Na uku ta bar shi yadda yake don a kwatanta. Da wannan ta koya wa 'yan aji biyu bambancin asid da alkali, kuma har yau babu wadda ta manta. Wata uwa ma ta faɗa mana a taron iyaye cewa 'yarta ta koma gida ta tsare ta a madafi tana yi mata bayanin dalilin da ya sa kanwa ke kashe tsamin yakuwa a miya. Uwar tana ba da labarin tana dariya, amma kowa ya ga alfahari a fuskarta.

Wannan malama ce kuma ta kai su karofin Ƙofar Mata. Suka tsaya a bakin rijiyoyin rini, wani dattijo ya tsoma farin ƙyalle a ruwan baba da toka, ya ɗago shi yana ɗan kore-kore, suna kallo iska ta buge shi ya koma shuɗi. Ya sake tsomawa, ya sake ɗagowa, shuɗin na ƙara kamawa. Malama ta ce musu iskar oksijin ce ke wannan aiki, irin darasin da za su tarar a littafin manyan azuzuwa. Dattijon ya ce, "Mu dai haka muka gada, 'yan mata, ku ne za ku faɗa mana sunansa." A ganina Kano ba baƙuwar kimiyya ba ce. Garin da majemansa suka san amfanin bagaruwa a kan fata, maƙeransa suka san zafin da ƙarfe ke so, marinansa suka kai shuni har bayan Sahara, bai kamata a ce 'ya'yansa suna tsoron kwalbar gwaji ba.

Sai dai zoɓo yana da iyaka. Yana nuna launi, ba ya koyar da awo, kuma kimiyyar manyan azuzuwa awo ce. Madubin ganin ƙananan halittu, maikiroskof, guda ɗaya tal muke da shi, kyautar wata tsohuwar ɗaliba. Ranar da za a duba fatar albasa, layi ake yi kamar na famfo, kowace ta leƙa na ɗan lokaci a ce ta matsa. Wasu kan ce sun gani alhali ba su ga komai ba, don kunyar riƙe layi. Amma wadda ta dace, ta ga ƙwayoyin halittar a jere kamar ginin bulo, za ka ji ta ce "Allahu Akbar" ba tare da ta shirya ba. Irin wannan madubi ne, mai ƙarfi fiye da namu, ake duba jini da shi a asibiti a gano ƙwayar zazzaɓin cizon sauro.

Duk cikinmu babu wanda bai taɓa kai matarsa ko mahaifiyarsa Asibitin Murtala ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ba, yana addu'a a ransa Allah ya sa mace ce za ta duba ta. To likita mace da ungozoma da mai gwajin jini ba daga sama suke faɗowa ba, daga irin ajin nan suke fitowa. Magabatanmu sun gane haka game da kimiyya tun a 1977, lokacin da aka buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, kuma da yawa daga likitoci da injiniyoyin da Kano ke taƙama da su a yau can suka yi. Amma gurbi a makarantun kimiyya na musamman ba ya isar kowa, kuma ba kowane uba ne zai iya tura 'yarsa makarantar kwana ba. Waɗanda suka rage a unguwa su ma suna da haƙƙin shiga Jami'ar Bayero, ko ta kimiyya da fasaha da ke Wudil, da ƙafafunsu.

Ɗakin muna da shi. Tsohon aji ne a ƙarshen gini, yanzu karyayyun kujeru ne a ciki. Rufinsa yana yoyo ta gefe ɗaya, sai an sauya kwano. Yana buƙatar dogayen tebura na siminti da tayil waɗanda asid ba ya ci, da wuraren wanke hannu da famfo mai ruwa daga tanki. Maganar ruwan nan muka sa a gaba da komai, domin idan sinadari ya fantsama a ido ko a hannu, ruwa mai gudu nan take shi ne magani na farko. Sai tukunyar gas a waje cikin keji, da bututu zuwa ƙananan murhuna, da na'urar kashe gobara da bokitin yashi, da kabad mai makulli na ajiye sinadarai. Muna kuma son a ɗinka fararen riguna masu dogon hannu waɗanda yarinya za ta cusa hijabinta a ciki, saboda hijabi mai yawo kusa da harshen wuta abu ne da malamanmu ba sa wasa da shi. Bayan haka sai kayan gilashi, ma'auni, madubai, mitoci da batura, da maikiroskof ko da guda goma ne don a raba yara rukuni-rukuni. Idan Allah ya hore, ƙaramar sola don fitila da fanka.

Mun san wani zai ce ai wannan aikin hukuma ne. Mun rubuta wa waɗanda abin ya shafa, za mu kuma ci gaba da bibiya. Amma 'yan aji shida na bana ba za su iya jira ba, watan Mayu yana nan tafe. Mun kuma san halin tsadar rayuwa, mu ma a cikinta muke, kuma iyayen yaran nan galibinsu masu ƙaramin ƙarfi ne, shi ya sa ba mu ɗora musu haraji ba. Kwamiti ya fara da kansa, kowane mamba ya ajiye abin da ya sawwaƙa, domin da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Ba lallai sai kuɗi ba. Mai sayar da kayan gini ya ba da siminti ko kwano ko tayil. Alhazanmu na Kantin Kwari, farin yadi muke roƙo, telolin unguwa sun riga sun ce ɗinkin kyauta ne. Magini da kafinta da mai walda da mai aikin famfo, yini ɗaya na aikin hannunku babbar gudummawa ce. 'Yan kasuwar Sabon Gari da Singa da Ƙofar Wambai da Kurmi, wanda zai ɗauki nauyin abu guda, ya ce shi maikiroskof ɗaya nasa ne, ko ya yi wa iyayensa da suka rasu, muna maraba. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce idan mutum ya mutu aikinsa ya yanke sai abu uku: sadaka mai gudana, da ilimin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. Muna fatan wannan ɗaki ya shiga cikinsu. Tsofaffin ɗalibanmu da ke aiki a asibitoci da ɗakunan gwaji, ko da Asabar ɗaya a wata ku zo ku tsaya tare da ƙannenku, ku nuna musu yadda ake riƙe kaya. Ganinku kaɗai yana ƙarfafa su.

Game da amana: cikakken jerin kayan da ƙiyasin kuɗinsu yana liƙe a allon sanarwa na makaranta, kuma za mu dinga sabunta shi saboda farashi ba ya zama wuri ɗaya. Lambar asusun tana jikin takardar da muka raba mai hatimin makaranta, kuma ba a cire ko sisi sai da sa hannun mutum uku. Duk wanda ya kawo wani abu, komai ƙanƙantarsa, za a ba shi rasit. Wanda ya zo muku da sunan makaranta babu rasit, kada ku ba shi. Wanda ba ya son a ambaci sunansa za mu rufa masa. A taron iyaye na ƙarshen zango za a karanta abin da ya shigo da abin da aka kashe, a gaban kowa.

Ofishin shugabar makaranta a buɗe yake daga Litinin zuwa Alhamis a lokutan karatu, kuma mambobin kwamiti za su kasance a ƙofar masallacin unguwa bayan sallar Juma'a. Wanda yake son ya ga ɗakin da idonsa kafin ya ba da komai, ya zo, za mu buɗe masa. Asabar mai zuwa da safe za mu fara fitar da karyayyun kujerun, matasan unguwa mai shebur da mai baro ya taho da shi.

Allah ya saka da alheri, ya mayar muku da ninkin abin da kuka bayar, ya shirya mana zuri'a.

Sakatare, a madadin Kwamitin Iyaye da Malamai