Wasiƙa zuwa ga Sani a Kalgari, ƙasar Kanada

Unguwar Rogo, Jos
14 ga Disamba

Aminina Sani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya sanyi? Mu ma hunturu ya sauka a Jos, da asuba sai an ɗora ruwa a wuta kafin a yi alwala.

Na ga hoton katakon zamiya a kan dusar ƙanƙara da ka saya na hannu, na kuma ji ƙorafinka cewa ranar da kuka je Banif, wajen duwatsun da ake zamiya, ƙafa ta yi ta ƙwace maka a inda ƙanƙara ta daskare. Bakin ƙarfen da ke gefen katakon ne ya dakushe, shi ya sa ba ya kama ƙanƙarar. Hunturu uku na yi ina wannan aiki a shagon hayar kayan zamiya kafin na dawo gida, don haka ka saurare ni tun kafin ka ɗauki magagari.

Ƙarfen nan siriri ne, kaurinsa bai wuce milimita 2 ba, kuma abin da magagari ya ci ba ya dawowa. A makona na farko na dage da ƙarfina a kan bakin ƙasa na katakon wani bawan Allah, sai da aka kai shi inji aka kankare cikinsa gaba ɗaya kafin ya daidaita. Har yau abin na damuna. Bakin ƙasa karkatarsa digiri 1 ce ko ƙasa da haka, ka bar shi yadda yake, sai dai shafa da dutse. Aikinka na gefe ne.

Ka sayi ɗan ƙarfen jagora da ake ɗaure magagari a kansa, mai digiri 89 ko 88. Don Allah kada ka ce za ka auna da ido. Ka ɗaure birkin da ke jikin maɗaurin takalmi da roba, ka kafa katakon a bayis, wato matsewar ƙarfe ta kan teburin aiki, ka goga baƙin alƙalamin maka a tsawon bakin, sannan ka ja daga hanci zuwa wutsiya, kaɗan-kaɗan, da hannu mara nauyi. Da tawadar ta ɓace ko'ina, ka tsaya. In ka ji magagari yana santsi a wani wuri, to nan ne katakon ya daki dutse, ƙarfen ya taurare. Ka jiƙa dutsen wasawa na daimon ka fara goge wurin da shi, in ba haka ba haƙoran magagarin ne za su mutu.

Ka tuna wanzamin unguwarmu? Ba kullum yake kai aska kan dutse ba, amma bai taɓa ɗora ta a kan mutum ba sai ya goga ta a fata. Haka za ka yi. Magagari jefi-jefi, amma dutsen daimon duk bayan fita biyu ko uku. Ka gama da ɗan dutsen nan mai laushi kamar roba, ya share ƙaiƙayin ƙarfen da wasawa ke bari. Gwajin kuma na mahauta ne: ka goga bayan farcenka a hankali, in ya kankare ɗan gari, kaifi ya samu.

Allon zamiyar Abba mai ɗaukar ƙafa biyu ma haka ne, sai dai tunda koyo yake, ka ɗan kashe kaifin wajen hanci da wutsiya, kada ya kama ƙanƙara ya kayar da shi.

Abin da ya fi ci mini rai a hotonka shi ne tsatsar da na gani. Mai shi na farko a jiƙe yake ajiye shi. Kuna dawowa ka goge ƙarfen da tsumma, kada ya kwana a bayan mota. In hunturu ya wuce, ka narka kaki ka rufe ciki da baki, ka bar shi haka har baɗi.

Hajiya tana gaishe ka, ta ce yajin da ta yi alkawari yana nan. Ka gaida Maman Abba da yara. In ka gwada, ka turo mini hoton bakin daga kusa in gani.

Naka har kullum,
Bashir