Sanarwa: Taron Lambun Saman Rufi

Assalamu alaikum ƴan uwa mazauna Gesse, barkanmu da warhaka.

Ranar Asabar bayan la'asar za mu haɗu a harabar masallacin unguwa kan maganar shuka a saman rufi. Kowa ya san zafin Afrilu a Birnin Kebbi, yakan haura digiri 40, rufin kankare ya yini yana shan rana, dare ya yi ɗaki ya ƙi kwantuwa. Ƙasa da ganye suna tare wannan zafin, suna kuma riƙe ruwan sama kada ya kwararo wa lungu gaba ɗaya. Birnin Toronto na ƙasar Kanada ma a shekarar 2009 ya taɓa wajabta irin wannan rufin ga manyan sababbin gine-gine.

Don Allah kada wanda ya hau da ƙasa tukuna. Jiƙaƙƙiyar ƙasa nauyi gare ta, sai injiniya ya duba rufin, an kuma shimfiɗa abin hana yoyo. Masu rufin kwano, ku jera taku shukar a tsakar gida.

Kowane gida ya zo da naira 2,000 kuɗin injiniya, da tsofaffin buhuna biyu. Ɓuntun shinkafa za mu gauraya da taki don rage nauyi. Iyayenmu mata, a taimaka mana da irin yakuwa da alayyahu.

Allah ya ba da ikon zuwa, ya bar zumunci.

Sakataren rukuni