Wai ni ce na mayar da shi mace

Assalamu alaikum Anti, don Allah a sakaya sunana. Tun daren jiya ban runtsa ba. Yayar maigidana ce ta zo har tsakar gidana, gaban yara da matar maƙwabta, ta ce wai ni na yi wa ƙaninta asiri na mayar da shi mace don kar ya ƙara aure. Ni! Shekara 27 ina tare da bawan Allahn nan.

Bari in koma baya. Alhaji yana da kansar mafitsara, irin ta maza da likita ke ce wa furostet. Tun 2021 aka gano, kuma lokacin ta riga ta shiga ƙashin baya, don ya fi shekara yana fama da fitsari, ya tashi sau biyar sau shida cikin dare, yana cewa sanyi ne, sai da fitsarin ya tsaya cak aka kwashe shi da asuba aka sa masa roba. Ni ce mai juye ledar nan, ni ce mai wanke zanin gado, lokacin ita yayar tana ina? Lemo ta aiko da shi sau ɗaya.

Likita ya gaya mana gaskiya, ba warkewa za a yi ba amma ana danne ta mutum ya yi shekaru. Aka ɗora shi kan allurar Zoladex da ake yi a fatar ciki duk wata uku. Gwajin jinin nan na PSA da ya haura 100 ya sauko, aka cire robar, har kasuwa ya koma. To ita allurar aikinta ke nan, ta kashe sinadarin maza don shi cutar ke ci. Shi ya sa yake zufa cikin dare ko da hunturu, ƙirjinsa ya ɗan tasa, maganar shimfiɗa kuma babu ita. Ni ban taɓa kai ƙara wajen kowa ba, na rufa masa asiri, ashe shi ne ya je ya yi wa yayarsa kuka.

Daga 2023 da komai ya tashi kuɗin allurar ya fi ƙarfinmu, na sayar da sarƙata da keken ɗinkina. Likita ya ce akwai aikin cire 'ya'yan maraina, sau ɗaya ake yi an huta da sayen allura. Laifina kawai da na ce Alhaji ko za ka duba maganar. Eh na faɗa, kuma na maimaita, wataƙila da faɗa-faɗa ma, amma ai kuɗin ne babu. Shi ke nan aka ce dandaƙa nake so a yi masa kamar bunsuru.

Yanzu wata biyar rabonsa da allura, yayar tasa ta kawo masa jarkoki biyu na jiƙo daga wajen wani mai magani, ciwon bayansa ya dawo, sallah ma a zaune yake yi, shekaranjiya ya ce ƙafarsa ta dama tana masa nauyi. Kuma likita ya ja min kunne tun farko, in ƙafa ta fara mutuwa a kawo shi a ranar. Alhaji ya ce ba zai je ba. Au na manta, babban ɗanmu yana Legas bai ma san cutar kansa ce ba, uban ya rantsar da ni kar in faɗa.

Anti in na karya rantsuwar nan kaffara kawai zan yi ko da wani abu? Kuma ita matar nan in ta dawo ranar Juma'a kamar yadda ta ce, in buɗe mata ƙofa?