Na Bar Zamiyar Gangaren Dutse, Na Koma Ta Daji

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina rubuto maka daga Oslo ta ƙasar Nowe, don 'yan uwa masu zuwa karatu nan suna ganin wasan zamiya kan dusar ƙanƙara na masu kuɗi ne kawai. To ni ma haka na ɗauka da farko, na je na gangarowa daga dutse, a sayi tikiti mai tsada na lif, wato na'urar da ke ɗaukar mutum zuwa saman dutsen, a bi layi cikin sanyi, sannan ka sulalo cikin 'yan mintuna gwiwa tana kakkarwa, wallahi sau biyu na kife sai da na ce na haƙura.

Wani maƙwabcina ya kai ni Nordmarka, dajin da ke bayan gari, jirgin ƙasa ma yana kaiwa har Frognerseteren. Can zamiyar tafiya ce, sandunan zamiyar da ake ɗaurawa a ƙafa sirara ne marasa nauyi, dunduniya ba a ɗaure take ba, kana tura kanka da hannu da ƙafa kamar mai sassarfa, kuma hanyoyin kyauta ne, wasu har da fitilu da daddare. Gumi kam sai ka jiƙa riga duk da sanyin. Su 'yan ƙasar har tseren kilomita 54 suke yi daga Rena zuwa Lillehammer da jaka a baya, ni dai kilomita 5 ta ishe ni tukuna.

Naka mai karatu, daga Oslo.