A Sake Duba Yadda Ake Kawo Labarin Masu Kashe Kansu

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in yi tsokaci kan labaran masu kashe kansu. Wanda ya fi yawo a kafafen labarai shi ne na mace: budurwar da aka yi wa auren dole, ko uwargidan da za a yi wa kishiya. Mai karatu sai ya ɗauka ciwon mata ne. Alhali ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2019 ya nuna kusan mutum 703,000 ne ke rasa ransu ta wannan hanya a shekara, kuma maza sun ninka mata fiye da sau biyu: 12.6 cikin kowane 100,000, mata kuwa 5.4.

Mata sun fi yin yunƙuri, amma maza sun fi mutuwa. Namiji kan bi hanyar da ba ta barin damar ceto, ga shi ba ya faɗar damuwarsa, tunda tun yana yaro aka ce masa namiji ba ya kuka. Jari ya karye, masu bashi na sallama a ƙofar gida, cefane ya gagara, shi kuwa a majalisa "lafiya lau" kawai zai ce. Wani ya faɗa shan ƙwaya, abin ya ƙara dagulewa. Ita mace, duka ne, da gori, da ciwon damuwar bayan haihuwa da ake ɗora wa iskokai. In ta yi yunƙurin kashe kanta, Allah ya sa ta rayu, a ce kissa ce. Wannan magana tana da haɗari ƙwarai, domin wanda ya taɓa yunƙuri ya fi kowa kusa da sake yi.

Akwai kuma batun maganin ƙwari da ke ajiye a gidaje. A ƙauyukan Sin a shekarun 1990, shi ya sa mutuwar mata ta zarce ta maza. Sri Lanka ta haramta mafi guba daga ciki, mace-macen suka ragu da kusan kashi 70 cikin 100. Mu nan har yau sashe na 231 na Penal Code, kundin dokokin hukunta laifuka na Arewacin Najeriya, ɗaurin da zai iya kai shekara guda ya tanadar wa wanda ya yi yunƙurin kashe kansa ya tsira, dokar da Ghana ta soke irinta a 2023.

Don Allah ku daina bayyana abin da mutum ya yi amfani da shi, ku daina buga hoton gawa. A ƙarshen labarin ku sanar da mutane cewa akwai likitocin ƙwaƙwalwa a Dawanau, Barnawa, Kware da Maiduguri, kuma ciwon damuwa yana jin magani.

Mai karatunku,
daga Zariya