Kan Makomar Manyan Jiragen Sama Irin A380

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in tofa albarkacin bakina kan muhawarar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa game da manyan jiragen saman fasinja, musamman samfurin A380 na kamfanin Airbus, wanda wasu ke ɗauka a matsayin abin alfahari, wasu kuma ke ganin asarar dukiya ce kawai.

Ina cikin waɗanda zukatansu suka cika da murna ranar 27 ga Afrilun 2005, lokacin da jirgin ya fara tashi daga birnin Tuluz na Faransa, mai bene biyu tun daga kai har wutsiya, da injuna huɗu, da fukafukan da faɗinsu ya kusa mita 80. Masu shakka a wancan lokaci sun fi nuna tsoro kan rayuka: idan wuta ta tashi, yaya za a fitar da wannan taron jama'a? An ba su amsa a Hambug ta Jamus a shekarar 2006, inda aka gwada fitar da fasinja 853 da ma'aikata 20 cikin duhu, ta rabin ƙofofin jirgin kaɗai, kuma kowa ya fita cikin daƙiƙa 78. A wannan fanni masu shakka ba su yi gaskiya ba.

Inda suka yi gaskiya shi ne lissafin kasuwa, kuma dole mu masoyan jirgin mu yarda da haka. Airbus ya yi tsammanin matafiya za su riƙa taruwa a wasu manyan filayen jirage kamar na Landan da Dubai, a kwashe su gaba ɗaya zuwa wani babban filin. Shi kuwa Boeing na Amurka ya karanci cewa matafiyi ya fi son tashi daga garinsa ya sauka kai tsaye inda za shi, don haka ya ƙera 787 mai injuna biyu, wanda ba ya shan mai da yawa kuma ba ya wahalar cika. Jirgin da ke da kujeru wajen 500 yana kawo riba ne idan ya cika. Ranar da ya tashi da rabinsu babu kowa, kuɗin man injuna huɗu bai ragu sosai ba. Ga kuma filayen jirage da sai an faɗaɗa hanyoyinsu an gina masu gadojin shiga bene na sama. Babu kamfanin Amurka ko ɗaya da ya saye shi, kuma a Fabrairun 2019 Airbus ya sanar da dakatar da ƙera shi. Guda 251 kacal aka miƙa, 123 daga ciki ga kamfanin Emirates na Dubai.

Duk da haka ban yarda a ce babban jirgi ba shi da sauran amfani ba. Duk inda dubban mutane suka nufi wuri ɗaya cikin ƙayyadadden lokaci, girma alheri ne, kuma mu nan mun fi kowa sanin wannan, domin shekara da shekaru Boeing 747 ne ke kwasar alhazanmu daga Kano zuwa Jidda. Shi ma an miƙa na ƙarshensa a Janairun 2023, ma'ana waɗanda ake da su tsufa kawai za su ci gaba da yi.

Saboda haka ina roƙon hukumar alhazai ta ƙasa da kamfanonin jigila su fito su bayyana wa jama'a irin jiragen da suke shirin maye gurbinsu da su, da yawan sawun da za a ƙara, da abin da hakan zai yi wa kuɗin kujera.

Wassalam.

Naku mai karatu,
daga Fagge, Kano